Masu turara gida kafin a sayar: abin da na gani da wata Hajiya 'yar Maiduguri a Kano

In za ku sayar da gida ko ku ba da haya, kuma gidan ya daɗe a rufe ko 'yan haya sun tashi sun bar muku tsiyarsu, to aikin nan na masu wanke gida su turara shi ya ci kuɗinsa, amma fa sai kun dace da wadda ta san cewa ba da turare ake farawa ba. Mu mun dace, duk da akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma zan faɗe su tunda ba talla aka biya ni na yi ba, sunan shagon ma ba zan kama ba.

Gidan gado ne namu a wajen Rijiyar Zaki, ciki huɗu da falo biyu, 'yan haya suka zauna shekaru suka tashi, muka yanke shawarar a sayar a raba kowa ya huta da rigimar kuɗin haya, to kafin a gama maganar takardu da sa hannun magada gidan ya sha damina guda cur a kulle. Dillalin da muka ba wa, wani dattijo mai haƙuri, shi ya fara gaya min gaskiya, ya ce Hajiya gidan nan ba shi da laifi, unguwa ta yi, titi ya yi, amma duk wanda na kawo ba ya daɗewa a ciki, ya leƙa falo ya leƙa ɗaki ɗaya sai ya ce mu fita waje mu yi magana. Ni kuma in na je sai na ji ɗan wari a bakin ƙofa, bayan 'yan mintuna na daina ji, sai na ɗauka iska ce ta shiga ta kore shi. Ashe ba haka ba ne, hanci ne yake sabawa, duk warin da ka zauna a cikinsa ƙwaƙwalwa tana daina kai maka rahotonsa, shi ya sa mai gida ba ya jin warin gidansa sai baƙo. Shi kuwa mai saye a mintunan farkon nan da hancinsa yake aiki sosai a nan yake yanke hukunci a ransa, ko bai faɗa ba.

Wata 'yar ƙanwar babanmu ce ta haɗa ni da mai turaren, ita ta yi mata turarukan aure lokacin bikinta, humra da turaren wuta da na kabbasa da su kulacca, shi ne ta ce ai yanzu ta ƙara da wannan harkar ta shirya gidajen sayarwa da gidajen da ake ba wa baƙi haya na kwanaki. Babarbariya ce, a Kano take aure amma yawancin kayanta daga Maiduguri ake aiko mata, daga Monday Market ɗin nan da ta yi gobara a watan Fabrairun 2023, wasu kuma ta hanyar Chadi suke shigowa. Ni da nake da jinin Fulani ta wajen uwa tun a waya muka fara tsokanar juna, na ce mata in aikin bai yi ba to bayi ba sa karɓar kuɗi a hannun iyayen gidansu, ta ce za mu gani wa zai roƙi wani.

Abin da ya fara burge ni, ranar da ta zo duba gidan ko kwalba ɗaya ba ta zo da ita ba, kuma ita kanta ba ta sa turare ba, wanda duk wanda ya san matan Barno ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ce kar a buɗe taga ko ɗaya kafin ta iso. Ta shiga ɗaki ɗaki, ta tsaya ta shaƙa, ta fito tsakar gida ta huta hancinta ya dawo, ta sake shiga wani, tana gaya wa yarinyarta tana rubutawa a waya. Yayanmu babba da ya raka ni har ya fara gajiya yana duba agogo, ya ce Hajiya mu fa turare kawai muke so a banka gidan ya yi ƙamshi, ta ce Alhaji wanda bai yi wanka ba in ya fesa turare ai ƙara tona wa kansa asiri yake.

Babban mai laifin ashe banɗakuna ne, kuma ba don datti ba, don an wanke su tas tun tashin 'yan haya. Ta durƙusa a banɗakin babban ɗaki ta cire murfin magudanar ƙasa ta haska da fitilar waya ta ce na leƙa, na leƙa na ga a bushe ƙayau. Ta ce a ƙarƙashin kowace magudana da sinki da masai akwai lanƙwasar bututu da aka yi don ruwa ya dinga kwanciya a ciki, ruwan nan shi ne yake toshe iskar sokawe kar ta dawo cikin gida, to in gida ya yi watanni ba a zuba ruwa ba sai ya ƙafe, hanya ta buɗe, warin sokawe ya dinga shigowa dare da rana ƙofofi kuma a rufe. Maganin bokitin ruwa ne kawai a kowace magudana, sannan ta ɗiga ɗan man gyaɗa a kai wai yana rage saurin ƙafewar ruwan. Banɗaki ɗaya ne na baƙi da ta ce wannan mai gyaran famfo bai sa lanƙwasar ba tun asali, bututun miƙe yake, sai da muka kira wani ya fasa tayil biyu ya gyara. Wallahi ko a nan ta tsaya ta ci rabin kuɗinta, don da kaina da na ƙarar da katan na Air Wick ban gano wannan ba.

Kicin kuma maiƙo ne, shekaru ana suyar kifi da manja da tafasa daddawa, hayaƙin ya bi ya manne a saman kabet da bayan inda gas yake da jikin fankar silin, in ka shafa yatsa sai ya kama. Cikin wadrof ɗin ɗakin yara funfuna ta yi fari fari a katakon baya. Kafet ɗin ƙaramin falo ta ce a naɗe a fitar kawai kar ma a ɓata sabulu, tayil ɗin ƙasan ya fi shi kyau. Sai silin ɗin baranda ta baya da jemagu suka mayar gida, kashinsu ya taru, wannan wani yaro aka samo ya hau ya kwashe aka toshe ramin da raga.

Inda muka ɗan yi sa-in-sa shi ne bangon gabas na babban ɗaki. Kun san ruwan damina a nan daga gabas yake bugowa, to bangon ya sha ruwa, daga ƙasa har kusan gwiwa fentin ya kumbura yana zubar da farin gari, kuma shi ne yake ba da warin danshin nan mai kama maƙogwaro. Yaya ya ce a kankare a shafa fenti sabo a jingina wani abu a wajen a turara ɗakin da kyau, in rani ya shigo ai zai bushe. Ta ce ita ba za ta yi ba. Ta ce Alhaji fenti a kan jiƙaƙƙen bango wata biyu ba zai yi ba zai sake tashi, kuma duk mai sayen da ya zo da magini ko injiniya da ya ɗora tafin hannu zai ji sanyi, daga nan duk abin da ka gaya masa game da gidan ba zai ƙara yarda ba. Ni kuma abin da ya faɗo min shi ne hadisin nan da Annabi (SAW) ya wuce mai sayar da abinci ya sa hannu a cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. To ga danshi ga ruwan sama ga ciniki, ban ga ta inda za mu zille ba, kuma kuɗin gado ne da marayu a ciki. Aka kira magini ya gyara ta waje, ya yi dabe a gindin bangon ruwa ya daina kwanciya, aka kankare ciki aka bar shi ya sha iska, muka ce wa dillali duk wanda ya zo a nuna masa wajen a gaya masa abin da aka yi. Yaya bai ji daɗi ba a ranar, har yanzu ma in an tuna sai ya ce mata sun haɗe masa kai.

Wankin kansa ba wani abin ba da labari ba ne, 'yan mata ne da samari biyu, Hypo da omo da ruwan zafi da buroshi, suka bar tagogi a buɗe, suka ajiye gawayi ɗanye wanda ba a kunna ba a cikin kwanuka a wadrof da kabet wai yana tsotse wari. Sun yi aiki, ba zan ce sun fi sauran masu wankin gida ba.

Turaren shi ne inda ta nuna ita 'yar gado ce. Ni na zaci za ta kawo irin mai nauyin nan na amare, wanda in an saka a gida sai maƙota sun san an yi, don shi na sani kuma shi nake so, hawi da gabgab da halut da aka jiƙa da madarar turare kala kala aka soya da sukari har ya yi baƙi yana ƙyalli. Ta ce wannan na ɗakin mace ne, yana gaya wa wanda ya shigo cewa gidan nan da mai shi, alhali mai saye so ake ya ji gidan ba na kowa ba ne, ya fara hango kujerunsa da matarsa da 'ya'yansa a ciki. Abin da ta kawo sandal ne kusan zalla, 'yan siraran ɓarɓashi masu ruwan ƙasa ƙasa da ɗan kajiji kaɗan a ciki, ba sukari da yawa don sukarin ne yake ƙonewa ya bar ƙauri a ɗaki in garwashi ya yi zafi. Ƙamshin ba ya dukan hanci, sai ka yi taku biyu uku a falon kafin ka lura da shi. Kicin ba ta yarda hayaƙi ya shiga ba sam, ruwan goge ƙasa ta haɗa da ɗan mai na lemon tsami aka goge tayil da kabet da shi, banɗaki ma haka. Wato gaba ɗaya gidan ƙamshi biyu ne, kuma ba sa haɗuwa a waje ɗaya.

Na tambaye ta oud fa, tunda shi ne ake yayi kowa Lattafa kowa Al Haramain, ta yi dariya ta ce oud na gaskiya itace ne da ake samu a ƙasashen Asiya irin su Indiya da Kambodiya, sai bishiyar ta kamu da wata cuta take fitar da ƙaron da yake ƙamshin, kuma tsadarsa ba ta barin a turara gidan da ba kowa da shi, mafi yawan abin da muke saye da sunan oud haɗi ne na kamfani, ba laifi ba ne amma yana da ƙarfi kuma ba kowa yake so ba, wasu kansu yake sarawa.

Wanda ban taɓa kawowa a raina ba shi ne maganar lubban. Ina da wani mai kyau da aka kawo min tsaraba daga Umara na ce a haɗa da shi, ta ce a'a Hajiya ki rufa mana asiri, lubban da jawul da duk wani abu mai kama da na masu ruƙiyya kar ya kusanci gidan sayarwa. Ta ce mutumin nan namu in ya shigo kangon gida da ya daɗe a rufe ya ji wannan ƙamshin, abu biyu ne zai zo masa, ko dai gidan da mutanen ɓoye ake korarsu, ko kuma an je wajen wani malami an karɓo turaren farin jini don a ɗaure masa baki ya saya. Ko wanne ya zo masa ciniki ya mutu, kuma ba zai gaya maka dalili ba sai dai ya ce zai yi shawara. Da na gaya wa dillali ya ce wallahi gaskiyarta, shi da kansa ya taɓa ganin an fasa cinikin gida a kan ƙullin turare da aka gani a saman ƙofa.

Wannan maganar ta ƙamshi ɗaya mara hayaniya ba ita kaɗai ta faɗa ba, akwai wani bincike da aka buga a 2013 da masana daga jami'ar jihar Washington ta Amurka suna cikin waɗanda suka yi shi, a wani shagon kayan adon gida a Suwizalan, wani lokaci su sa ƙamshin lemo zalla, wani lokaci lemo haɗe da ɗoɗɗoya da koren shayi, wani lokaci ba komai, sai aka ga lokacin lemo zallan mutane sun fi kashe kuɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari. Shago ne dai ba gida ba, kuma mai sayen filo daban mai sayen gida na miliyoyi daban, amma ita Hajiya da ba ta san da zancen ba abin da take yi kenan.

Yadda ake sakawar ma da ƙa'ida. Dillali zai kira ya ce ƙarfe kaza zai kawo mutum, to kamar awa ɗaya kafin nan yarinyarta za ta zo ta hura gawayi a waje, sai ya ruru ya yi fari toka ta lulluɓe shi sannan ta ɗauki ƙwaya biyu uku ta sa a kasko, ta barbaɗa turaren ɗan kaɗan da yatsu uku, ta zaga falo da ɗakuna da shi a hannu ba ta ajiyewa, ta rufe ƙofofi na ɗan lokaci, sannan ta buɗe tagogi duka ta fitar da kaskon ta kashe shi ta ɓoye. Mai saye kar ya ga hayaƙi kar ya ga kasko, in ya ga idonsa yana yaji to an ɓata. Kuma ta ja min kunne sosai a kan barin garwashi a rufaffen ɗaki mutum yana ciki, gawayi yana fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da kala, irin wadda take kashe mutane da hayaƙin janareta, wannan ko ba maganar sayar da gida ba mata mu kiyaye, musamman lokacin sanyi da ake toshe ko'ina.

Bambancin da dillali ya gani shi ne mutane sun fara zama. Wani Alhaji ya zo da matarsa, shi yana waje yana ƙirga taku nawa ne filin ajiye mota, ita tana kicin tana buɗe kabet ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, ta fito ta ce masa Alhaji matar gidan nan mai tsafta ce, alhali rabon gidan da mace ya fi shekara. Ba su saya ba a ƙarshe, kuɗinsu bai kai ba, amma ta karɓi lambar mai turaren. Akwai kuma wata da ta zo da ɗanta mai asma, duk da ƙamshin ba yawa yaron ya fara tari suka fita da wuri, tun daga ranar na ce wa dillali ya dinga tambaya kafin ya kawo mutum, in akwai mai ciwon ƙirji a bar gidan haka da iskarsa, tunda warin ya riga ya tafi ko ba turare ba abin kunya.

To yanzu laifukansu. Na farko lokaci, in ta ce ƙarfe goma to ka sa ran sha biyu, kuma ba za ta kira ta ce ta makara ba sai kai ka kira ka ji ana gamu nan a hanya mun kusa, ranar wankin farko haka na zauna a kangon gida ba kujera ba ruwan sha har azahar. Na biyu kuɗi, ba tsadar ce ta dame ni ba duk da abin da ta caja ya kusa kuɗin fentin ɗakuna biyu, abin da ya dame ni ba ta fayyace min tun farko cewa duk zuwan da yarinyar za ta yi ranar masu dubawa kuɗinsa daban ba, har da kuɗin adaidaita, sai da aka tara aka turo min lissafi a WhatsApp na ga abin ya yi tsawo. Da na yi magana ta rage wani abu amma da an faɗa tun farko da ba a kai ga haka ba. Ku sa ta rubuta muku komai kafin a fara, wanki nawa, turare nawa, zuwa nawa ne a ciki.

Na uku, ɗaya daga cikin yaran ta dire kasko mai zafi a kan dutsen kicin ya bar zoben ƙuna da har yau bai fita ba, sun ba da haƙuri amma ba wanda ya ce zai biya. Sannan wani turaren fesawa na labule da suka gwada a babban falo, da yake ba labule a gidan sai suka fesa a iska kusa da bango, mai ne a ciki ya bar ɗigo ɗigo a farin fenti sai da aka sake shafa wajen. Bona ɗin lantarki da ta sayar min wai don in dinga yi da kaina ba sai an hura gawayi ba, ita ma ban ga amfaninta ba a gidan da aka yanke wutarsa, kuma ta san an yanke. Tana da son tura maka kaya, kana maganar gida tana ciro maka humra daga jaka.

Gidan dai an sayar bayan sallah babba, wani ɗan kasuwa ne ya saya wa ƙaninsa, ya zo da magininsa suka duba bangon gabas ɗin nan suka ƙwanƙwasa suka rage mana wani abu a kansa, dillali ya ɗauki la'adarsa kashi 5. Ba zan ce turare ne ya sayar da shi ba, mutumin takardu ya fi tambaya da ko unguwar tana ambaliya da zurfin rijiyar burtsatse, kuma ban ga alamar ƙamshi ya ƙara ko naira ɗaya a farashin ba. Abin da ya yi shi ne ya sa mutane sun tsaya sun ga gidan har sun kai ga tambayar takardun, wanda a da ba a kaiwa nan.

In gidanku sabon gini ne da ba a taɓa shiga ba, ba ku buƙatarta, warin sabon fenti da siminti masu saye suna son shi, ku dai zuba ruwa a magudanai ku buɗe tagogi. In kuna ciki da iyali kuke son sayarwa, ku kira wata 'yar uwa da ba ta cika zuwa ba kuma ba ta jin kunyarku ta shigo ta gaya muku abin da ta ji a bakin ƙofa, sai ku san ko aikin ya kai a kira masu sana'a. Mai gidan haya da ya sha 'yan haya ko wanda ya kwana damina a kulle irin namu, shi ne zai fi cin moriyarta.

Humrar da ta lallaɓe ni na saya kuwa, baƙar ta yi kyau tana kama jiki har washegari, farar ruwa ta yi yawa, kwalbar tana nan ko rabi ban yi ba.